Ruwan Allon Baba

Tsakanin azahar da la'asar kaɗai nake da lokacin da zan iya cewa nawa ne. Abin da ke gabansa na Baba ne, abin da ke bayansa ma nasa ne.

Da safe nakan ɗaga shi in jingina shi da bango, in goge masa jiki da ruwan ɗumi, in canza zanen shimfiɗa idan ya ɓaci. In dama kunu in riƙa ba shi a cokali, rabi ya wuce, rabi ya gangaro ta gefen bakin da ya karkace. In ba shi ƙwayar tansiyo, ta hawan jini, in tsaya sai na ga ya haɗiye. Sannan in kama hannunsa na dama, wanda ya shanye, in lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya in miƙe su, yadda wata ma'aikaciya ta nuna mini a likita ranar da aka sallame mu. Daga nan sai wanki, sai layin famfo, sai girki. Idan aka idar da azahar, zafin bazara ya kwantar da Matameye duka har da awaki, Baba ya rufe ido. A nan nake samun kaina.

Sunana Rashida. Na yi lisans, wato digirin farko, a labarin ƙasa a Damagaram, kuma ban taɓa maimaita aji ba tun daga firamare. Ina faɗar wannan ne don a gidanmu ba wanda ke faɗa. Ciwon ya bugi Baba da kaka, yana tsaye a gona ana ɗaure dammunan hatsi. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Yayana Mansur ya zauna har aka gama zuba amfani a rumbu, sannan ya ɗauki jakarsa zai tafi Kano cirani kamar kowace shekara. A bakin mota ya ce mini tunda takardata ba ta kawo aiki ba, ga shi Allah ya kawo mini aiki har gida. Na tsaya ina kallonsa sai da ya kau da kai.

An ɗauko mana Goggo Shekara daga Kurni don ta taya ni. Yayar Baba ce, mijinta ya rasu, gwiwoyinta sun gaji. Taimakonta na farko-farko duk a baki yake. Takan zauna a tabarma da carbinta tana lissafa mini abin da ban yi daidai ba: kunun ya yi ruwa, zanen bai fita ba, mahaifiyata ba haka take juya tuwo ba.

Abin da nake yi a ɗan lokacin nan nawa kuwa rubutun Japan ne. A shekarata ta biyu a jami'a na tsince shi, lokacin da malamai suka shiga yajin aiki muka zauna a ɗakunan kwana, ba karatu, ba tafiya gida. Wata ƙawata ta turo mini bidiyo don mu yi dariya. Hannun wata tsohuwa kawai ake gani. Ta goga wani baƙin abu a kan dutse da ɗigon ruwa har ya zama tawada, ta gyara zama, ta ɗaga alƙalami mai gashi a baki, ta tsaya kamar mai jiran izini, sannan ta ja layi ɗaya tak a farar takarda. Ƙawata ta ce duk wannan shiri a kan abin da ɗan aji ɗaya zai yi. Ni dai na sake kallo, na kuma sake. Layin yana da mashiga, yana da tafiya, yana da wurin tsayawa, kuma in an ja an ja ke nan. Ba a komawa a gyara. In hannu ya yi rawa, rawar za ta zauna a wurin kowa ya gani. A lakwal, makarantar boko, an koya mana gogewa da sakewa har mushe, malaminmu, ya yarda. Wannan tsohuwa ba ta neman yardar kowa.

Na kwafe bidiyoyinta da dama a wayata, masu fassarar Faransanci a ƙasa. Ba na jin Japananci, ba ni kuma da niyyar zuwa Japan, ko Yamai sau ɗaya na taɓa takawa. Ba don ya amfane ni da komai nake yi ba, kuma wannan ne ma abin da nake so a ciki. Duk sauran abin da hannuna ke taɓawa a gidan nan don wani ne.

Alƙalamin da kaina na haɗa. Na yanki gashi a jelar jar akuyarmu, na wanke da sabulu, na jera, na ɗaure da zare, na cusa a bakin siririn kara na liƙe da ƙaro. Na farkon sun fi kama da tsintsiya. Sai da akuyar ta fara guduna kafin na samu wanda bakinsa ke haɗewa ya yi tsini in ya jiƙa. Tawada ba ta ba ni wahala ba: baƙin gindin tukunya da ƙaro, yadda muke haɗawa a makarantar allo muna yara. Ranar da na ga tsohuwar ta ce tasu ma baƙin hayaƙi ne da danƙo, na ji kamar mun taɓa haɗuwa.

Takarda ce ta ƙare mini. Na cinye bayan tsoffin darussana, na gwada takardar buhun siminti, ita kuma shanye tawadar take yi kamar yashi. Ga Goggo ba ta barina in zauna. Da zarar na tsoma alƙalami sai in ji muryarta daga rumfa.

"Madam lisans, in kin gama fentin, kwanukan nan ba su yi boko ba, ba za su wanke kansu ba."

In na wanke kwanuka, ga shinkafa a tsince. In na tsince, ga kaji sun shiga madafa. Kafin in dawo an kira la'asar, tawadar ta bushe a murfin kwalba, Baba ya farka. Akwai kwanakin da ko layi ɗaya ban ja ba. Ban roƙe ta ba. Ban iya roƙo ba, kuma ban ga dalilin da zan roƙi abin da yake nawa ba.

Wata rana ina share zaure idona ya faɗa kan allon Baba a rataye. Da shi ya yi karatu tun yana saurayi, an wanke shi tas shekaru da yawa, itacen ya yi santsi saboda tsufa. Na sauke shi, na kakkaɓe ƙura, na gwada. Tawadar ta zauna a kansa ba ta bazu ba. In ya cika in wanke in sake, ba ruwana da neman takarda. Na riƙa zama a inuwar bakin ƙofar Baba, don in ya motsa in ji.

Sai dai akwai abin da jiki ba ya mantawa. Tun muna yara an koya mana ba a wanke allo a ƙasa, ba a zubar da ruwansa inda ƙafa ke takawa. Ban ma yi tunani ba, hannuna da kansa ya jawo kwano. In na gama in wanke allon a ciki, in ture kwanon gefen bango da niyyar zuwa anjima in zuba a gindin darbejiya. Sai a kira la'asar, Baba ya farka, in manta. Washegari in tarar da kwanon a wanke a kife. Na ɗauka Goggo ce ke zubarwa, har na ce a raina ashe tana iya aiki.

A cikin makon nan Goggo ta canza. Na zauna ina jiran a kira ni kwanuka, shiru. Na ɗaga kai na gan ta a duƙe a bakin rariya tana wanke su da kanta, tana nishi saboda gwiwa. Washegari ta tsince shinkafar. Ta riƙa korar kaji ba tare da ta ɗaga murya ba. Idan wata ta yi sallama da rana, Goggo kan tare ta tun daga zaure, in ji tana raɗa mata cewa yarinya tana aiki, ta dawo da yamma. Har shimfiɗa mini buzun sallarta ta yi a inda nake zama. Na ɗauka taurin kaina ne ya ci. Na ce a raina, dama mutum in ya ƙi lanƙwasa, ƙarshenta a bar shi.

Waɗannan makonni su ne mafi daɗin da na yi tun dawowata gida. Na daɗe a kan layi ɗaya kwance, har na fara jin inda gashin ke shiga da inda yake tsayawa ba tare da na duba ba. Na koyi ɗage gwiwar hannu daga cinya, in ja da kafaɗa, in saki numfashi tare da layin. Daga nan na shiga yadda suke rubuta kogi: layi uku masu gangarowa, na hagu ya ɗan karkata kamar ruwa ya sami kwana, na tsakiya gajere, na dama dogo a miƙe. Na gane ba baƙin kaɗai ake kallo ba, har da filin da aka bari tsakani. Wani lokaci tawada kan ƙare a tsakiyar ja, gashin ya rarrabu ya bar fari-fari a cikin baƙin. Da na ɗauka kuskure ne, sai na ga tsohuwar ta yi irinsa ta bar shi, har ta matso da shi kusa don a gani. Kafaɗuna da ke ciwo saboda ɗaga Baba sukan saki a wannan lokaci. Ba na tuna Mansur, ba na tuna takardun neman aiki da na ajiye a ofisoshi ba amsa.

Ranar da na gano, ruwa ne aka ɗauke a famfo, na dawo da wuri da bokiti wayam. Na tarar da Goggo a ɗakin Baba, ta tallafo kansa, ta kafa masa kwanona a baki. Ruwan baƙi yana gangarowa ta gefen haɓarsa. Da ya sha ta zuba sauran a tafinta, ta yi bismilla, ta shafe masa hannun dama tun daga kafaɗa har yatsu.

Ba ta ji kunyar ganina ba. Murmushi ma ta yi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta ce in kwantar da hankalina, ba ta gaya wa kowa ba sai mutum biyu. Ta san 'yan boko ba sa son a gan su suna irin wannan, shi ya sa ba ta tambaye ni ba. Tun ranar da ta ga na sauke allon ubana ta san Allah ya juyo da zuciyata. Ita ba ta yi karatu ba, amma ta san alif in ta gan shi, kuma ta ga na jera su uku-uku. Sai ta kamo hannun Baba ta ce masa ya nuna mini. Babban yatsansa ya motsa, kaɗan, kamar mai jan carbi.

Wannan yatsa ni na san shi. Tun kaka nake murza shi kowace safiya.

Ta tambaye ni wane malami ne ya ba ni wannan a Damagaram. Na ce wata tsohuwa ce. Ta gyaɗa kai, ta ce dama irin wannan sai tsofaffi. Baba yana kallona da idonsa mai kyau, bai yi ko irin gurnanin da yake yi in yana son ƙin abu ba.

Na ɗauki kwanon na fita, na bar ta a kan abin da ta ɗauka. Baƙin tukunya ne da ƙaro, ni ma na sha irinsa ina ƙarama ban mutu ba. Ƙwayarsa ba a fasa ba shi ba. A ɗaya hannun kuma ga kwanuka ana wanke mini, ga lokacina ana gadinsa kamar kayan amana. Na gaji, kuma wanda bai ɗaga babban mutum daga shimfiɗa kowace safiya ba bai san irin gajiyar da nake nufi ba. Abin da kawai na canza shi ne na koma wanke allon da ruwan randa na sha, na kuma riƙa tafasa bakin alƙalamin.

Amma hannuna bai yarda ba. Da zarar na ɗaga alƙalami sai in tuna wannan layi cikin Baba zai shiga, kuma Goggo tana rumfa tana jira da addu'a a baki. Layukan suka yi nauyi. Na fara komawa ina gyarawa, abin da ban taɓa yi ba. Kogin ya koma sanduna uku a tsaye. Lokacin yana nan, ba mai kirana, amma ya zama wani aikin gida, kamar dama kunu.

Mutum biyun da Goggo ta gaya wa kuwa ba su tsaya biyu ba. Ranar kasuwa da rana, ban ko wanke allon ba, sai ga Habsatu maƙwabciyarmu da wasu mata biyu na layinmu. Wannan karon Goggo ba ta tare su a zaure ba, ita ta shigo da su. Habsatu tana riƙe da kwano an rufe da faifai. Bayan gaisuwa da tambayar mai jiki ta ce 'yarta Anisa za ta zauna jarrabawar ƙarshen koleji, kuma kan yarinyar ba ya riƙe komai, ana zubawa yana yoyo. Ta zo ne in taimaka mata da ɗan abin da nake ba Malam Isufu, wato Baba, ko da na kwana uku ne. Sauran biyun ma kowa da tata buƙata. Ina shirin cewa sai na yi tunani, sai Habsatu ta yi dariya ta dafa gwiwata.

"Dama mun faɗa. Duk layin nan yaran kowa na faɗuwa, ke kaɗai kike wucewa kamar ana tura ki. Ashe da abin da kike sha."

Na tuna tafiyar ƙafa zuwa lise, babbar sakandare, cikin rana da ciki wayam. Na tuna ɗakin jami'a da muke kwana kamar kifi a gwangwani, da littafi ɗaya da muke karɓa-karɓa, da shekarar da na yi zazzaɓi na shiga jarrabawa ina rawar sanyi. Sun ɗauki duk wannan sun zuba a kwano sun rufe da faifai. Na miƙe na ɗauko allon na juya musu shi.

"Wannan ba aya ba ce. Ba Larabci ba ne ma. Haka mutanen Japan ke rubuta kogi."

Ɗaya daga cikin matan ta tambaya ko Japan masu yin moto. Na ce su. Habsatu ta tambaya ko musulmi ne. Na ce yawancinsu a'a. Na ce ba magani ba ne, ba asiri ba ne, abu ne da nake yi don yana mini daɗi, kamar yadda wata ke saƙar faifai. Jarrabawa kuma da karatu na ci ta. In Anisa tana so ta zo da littattafanta bayan la'asar in duba mata, amma ba ni da abin sha.

Habsatu ta ɗauki kwanonta ba ta ko buɗe shi ba. Suka yi wa mai jiki addu'a a gurguje suka fita. Ina jin su tun daga zaure sun fara.

Goggo ba ta tashi daga inda take ba. Na soma yi mata bayani cewa baƙin tukunya ne kawai ba zai cutar ba, yatsan kuma murzawar safe ce ta motsa shi. Ba ta yi musu ba. Ta jira na gama.

"Kin gan ni ina ba shi."

"Na gani."

"Da bismilla nake ba shi. Kika bar ni."



Kafin magariba labari ya kai Kano. Mansur ya aiko da saƙon murya mai tsawo. Ya ce 'yan garinmu da suke kwana shago ɗaya har sun fara tambayarsa wane addini ƙanwarsa ta shiga. Ya ce in mayar da allo inda na ɗauko, in ƙone gashin akuyar nan, in daina jawo wa gidanmu magana. Na mayar masa da gajere. Na ce ya zo ya canza wa Baba shimfiɗa na mako ɗaya, in ya yi haka zan ƙone duk abin da ya ce. Ya saurara, na ga alamar, bai sake aiko da komai ba.

Allon kuwa Goggo ta naɗe shi a zane washegari ta kai wa limamin masallacinmu. Da ta dawo ba ni ta gaya wa ba, Baba ta gaya wa, da ƙarfi yadda zan ji. Malam ya ce ita ba ta da laifi, niyyarta Allah ya duba. Ya ce rubutun wata al'umma ba tsafi ba ne don kawai ba mu iya karanta shi ba, amma allon da ya ɗauki Alƙur'ani ba a mayar da shi abin shaƙatawa. Allon zai zauna a hannunsa, shi zai riƙa yi wa mara lafiya rubutun gaskiya. Na juya maganar a raina ban sami inda zan kama ta ba. Allon ba nawa ba ne. Na bar shi.

Goggo ta koma tabarmarta da carbinta. Ba ta sake ce mini Madam lisans ba, ba ta sake ce mini komai ba sai abin da ya zama dole. Kwanuka suka dawo kaina, da shinkafa, da kaji. A famfo aka sa mini suna 'Yar Japan. In na iso hira ta tsaya, in na ɗora bokiti ta ci gaba. Ban canza lokacin zuwana ba, ban kuma sunkuyar da kai ba. Anisa ba ta zo da littattafan ba. Alƙalamin ban ƙone shi ba, na naɗe shi a tsumma na sa a ƙasan jakata.

Sai Baba ma ya daina barcin rana. Saboda zafi mun sauke masa katifa ƙasa a kan siminti. Da an idar da azahar sai ya fara buga kofi da hannunsa na hagu. In bar kwanuka in zo. In duba shimfiɗa, a bushe. In ba shi ruwa, ya kau da kai. In juya shi, in yi masa fifita, in tambaya ko ciwo ne, ya yi gurnanin a'a. In koma, ban gama kwano biyu ba ya sake bugawa. Haka muka yi kwanaki. Ɗan abin da ya rage mini na zama in miƙe ƙafa shi ma ya tafi. Wata rana na shiga da sabulu a hannu, na tsaya a kansa, na ji bakina ya cika da maganar da ba a gaya wa uba. Na haɗiye ta. Na zauna a ƙasa kusa da katifar, na ce masa ban san abin da yake so ba.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya tsoma yatsan hagu a kofin ruwan, ya kai hannu kan siminti, ya ja layi ya gangaro. Ya sake tsomawa ya ja na biyu, ya ja na uku. Na farkon ya karkata shi hagu.

Baba ya yi karatun allo, ya san alif ba ya karkata haka. Ashe duk lokacin da nake zaune a bakin ƙofarsa ba barci yake ba. Ya san abin da ke cikin kwanon tun ranar farko. Ko ya sha ne don ba shi da bakin ƙi, ko don kada ya ƙwace wa yayarsa abin da ta riƙe, ban sani ba. Ban tambaya ba, ba zai iya faɗa ba.

Na dubi layukan, har na farkon ya fara bushewa daga sama.

"Baba, na tsakiyar gajere ne. Ka yi shi da tsawo."

Ya yi wani sauti a maƙogwaro, rabin bakinsa ya ɗaga. Na tashi na zazzage jakata na ɗauko alƙalamin. Gashin ya ƙandare, sai da na jiƙa shi na murza. Na tsoma a kofin, na gyara zama, na ɗage gwiwar hannu, na ja a kan simintin. Ruwa ya fi tawada gudu, kuma siminti yana da kaushi, yana cin bakin gashin. Layin farko ya yi rawa. Na bar shi da rawarsa. Kafin in kai na uku zafi ya shanye na farko, ba abin da za a wanke, ba abin da za a tara a kwano.

Yanzu haka muke yi. Lokacin ya fi na da gajarta, kuma ba nawa ni kaɗai ba ne, akwai mai kallo, wani lokaci har ya yi gurnani in layi bai yi masa ba. Kwanukan sukan jira ni har bayan la'asar, su haɗu da girkin dare, in gama ina jin bayana kamar an sare shi. Akuyar ma sai na sake bin ta, don siminti ba ya barin alƙalami ya daɗe.

Jiya ina tsakiyar ja sai inuwa ta rufe ƙofa. Goggo ce, riƙe da rubutun da Malam ya aiko, za ta ba Baba. Tsakaninta da katifar ba wurin taka ƙafa sai kan abin da na rubuta. Ta tsaya a bakin ƙofa, nauyinta a kan gwiwar da ta fi dama-dama.

"Goggo, ki wuce. Ruwa ne kawai."

"Na sani," in ji ta, ba ta dube ni ba. "In ya bushe ki faɗa mini."

Na ajiye alƙalamin a bakin kofi, mu uku muka shiga jira.